Maki Shida na Nasir

Malam Dabo ya miƙe tsaye yana tafi tun kafin Nasir ya ƙarasa ƙetare layin cin maki. Shekara huɗu ɗansa yana cikin ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'arsu, shekara huɗu yana zaune a benci da hular kwano a cinya. Yau, a wasan ƙarshe na shekararsa ta ƙarshe, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, aka miƙa masa ƙwallo, ya kauce wa mutum ɗaya, ya ture na biyu, ya shige. Makinsu a allo ya tashi daga hamsin da tara zuwa sittin da biyar. Baƙin kuwa suna nan a shida.

Sai da tafin nasa ya yi nisa sannan Dabo ya lura kusan shi kaɗai ne a tsaye. Daga ɓangaren baƙi ihu ake yi, amma ba na murna ba. Jerome, mahaifin wani ɗan wasan, wanda ya saba zama kusa da shi yana yi masa bayanin dokoki, ya ja gefen rigarsa ya ce ya zauna.

Dabo ya tambaya ko laifi aka busa. Jerome ya ce a'a, makin ya shiga, sai dai ba a yin haka. In ka yi wa mutane irin wannan rata, durƙusawa ake yi da ƙwallon har lokaci ya ƙare. Dabo ya ce to me ya sa koci bai ce a durƙusa ba? Jerome ya ce ai masu jera ƙungiyoyi a kowane mako ba sa kallon wasa, sakamako kawai suke dubawa. Ƙungiyar tana ta goma sha tara, tana neman a gayyace ta gasar ƙarshen shekara, don haka koci yake son lamba mai cika ido.

"To daidai ya yi ke nan?" in ji Dabo.

Jerome ya ce daidai ne, kuma abin kunya ne. Ya ɗauki jakarsa.

Dabo ya girma a Kano yana kallon ƙwallon ƙafa, inda in ka samu goma sai ka nemi ta sha ɗaya, ba wanda zai ce ka yi rashin ɗa'a. Shekara ashirin yana harhaɗa magunguna a garin Clinton na Amurka, yana ganin ya gama sanin mutanen ƙasar nan. Ga shi yanzu yana kallon kocin baƙi ya wuce kocinsu bai ba shi hannu ba. Ya nemi Nasir cikin taron, ya hango shi yana tafiya shi kaɗai, ƙwallon a hammata, kai a ƙasa.

Sai a lokacin ya tuna da Hajiya Memunatu. Mutuniyar Kumasi ce, ƙawar matarsa Hasiya, tana aikin kula da tsofaffi. Da safe shi ya ɗauko ta daga garin Hyattsville, domin ɗanta Abdul-Shakur yana buga wa baƙin. A hanya har raha suka yi a kan wanda zai koma gida da kuka. Lamba ashirin da bakwai ta ce masa ɗan nata yake sawa. Dabo ya tsaya a kan matakala. Yaron da Nasir ya ture ya faɗi rub da ciki, lamba ashirin da bakwai ce a bayansa.

Ya iske ta a jikin motar, ta naɗe tutar makarantar ɗanta ta cusa a jaka. Ya buɗe mata ƙofa, abin da bai yi ba da safe. Suka ɗauki hanya. Ya kunna rediyo, ya ji ana zancen wasanni, ya kashe. Wayarsa ta yi ƙara, sunan Nasir ya fito. Ya kife ta.

Sun yi nisa kafin ya soma ba ta haƙuri. Ya ce Nasir umarni aka ba shi, kuma zai yi masa faɗa, ko da yake bai san faɗan me zai yi ba. Memunatu ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ta ga Abdul-Shakur a bakin motar ƙungiyarsu kafin su tashi. Leɓensa ya fashe. Ita ma ta soma zagin kocin su Nasir, amma yaron ya hana ta. Ya ce bara wata ƙungiya ta durƙusa musu tun saura minti uku, kamar ana lallashin yara, kuma wannan ne bai manta ba har yau. Gara a ture shi.

Dabo ya ce, "To ba ki yi fushi ba ke nan, Hajiya?"

"Na yi mana. Har yanzu ina yi. Ɗana na gani a ƙasa."

"Da wa kike fushin?"

Ta dubi titi ta ce ita ma tun ɗazu abin da take nema ke nan.

Ya yi ta juya maganar har suka shiga Hyattsville. Jerome, wanda ƙungiyarsa ta yi nasara, kunya yake ji. Wanda aka kayar ya ce gara haka. Masu jerin kuwa gobe za su dubi lamba, wataƙila su ɗaga su mataki ɗaya, wataƙila su bar su inda suke. Shi bai san a wane layi zai tsaya ba.

Ya tsaya a gaban benen da take haya, dab da shagon kayan abincin Afirka. Ta sauka, ta gyara mayafi, ta ce ya gai da Hasiya. Har ta juya, sai ta dawo ta leƙo ta taga.

"Baban Nasir, sau uku yaron nan yana kira. Shekara huɗu fa."

Ya jira ta shiga, ƙofar ta rufe. Ya ɗauki wayar ya kira. Nasir ya amsa da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa ya san mutane sun ji haushi, bai sani ba ko da faɗuwa ya kamata ya yi kafin layin.

Dabo ya kashe motar, ya gyara zama.

"Wannan ban sani ba," ya ce. "Faɗa mini tun daga farko, yadda aka miƙo maka ƙwallon. Kada ka tsallake komai."