Tsagar Kan Mama

Daga filin jirgin Memphis na wuce gidan shirya gawa. Mista Purnell, mai gidan, ya buɗe min akwatin. Rigar ta yi, fuskar ma ba laifi. Amma sun ɗora wa Mama hular gashi, sun tsaga ta a tsakiya. Tsagar Mama a hagu take tun kafin a haife ni.

"Wannan ba uwata ba ce," na ce.

"Mun yi iya ƙoƙarinmu, 'yata. Na kira Anti Ozella, ta kashe min waya. Gobe da rana kuma za a buɗe akwatin a coci."

A unguwarmu, wadda take gyara miki kai kina da rai, ita take gyara shi in kin mutu. Kan Mama kuwa na Anti Ozella ne tun suna 'yanmata. Na ɗauki jakata na nufi shagonta.

Shagon yana nan yadda na bar shi: ƙaurin gashi, warin man kai, mata a jere ƙarƙashin injin busarwa, wata na cin soyayyen kifi a cinyarta. Anti Ozella tana tsaye da matajin ƙarfe mai zafi, ko juyowa ba ta yi ba. Ta madubi ta kalle ni.

"A'a, 'yar Glasgow! An gama karatun, ko har yanzu ana nema? Can ba a sayar da mataji ne?"

Aka yi dariya. Na gaishe ta, na ce magana ce ta kawo ni.

"Zauna. Akwai kawuna gabanki."

Na zauna. Ta gama kai ɗaya, ta fara wani, ta bar shi rabi ta koma kan na uku. A Glasgow da tuni na tashi na tafi. A nan ba wadda take tashi. Sai da rana ta karkata ta ce, "Ina jinki."

"Anti, kan Mama ne."

"Ki je wajen yarinyar da ke tsallaken gada. Ita ce mai kanta yanzu."

"Wace yarinya?"

"Tambayi Lurleen, ga ta can. Da idonta ta ga motar uwarki Earline a ƙofar shagon kitson yarinyar. Ba sau ɗaya ba."

Lurleen ta leƙo daga ƙarƙashin injin ta gyaɗa kai.

Na yi zaton bayani zai kashe maganar. Na rage murya na ce, "Maganin asibiti ne ya zubar mata da gashi. Hular gashi ta je saye. Ba ta so ki gani."

Ta ajiye matajin.

"Gashinta ya zube, ta kai wa baƙuwa? Ni da na yi mata kan aure, na yi mata na jana'izar ubanki? Kawuna nawa marasa gashi na rufa wa asiri a shagon nan, har na wasu da ke zaune yanzu?"

Kowa ta sunkuyar da kai.

"Da tsaga ta so canzawa ta gudu, da na yafe. Wannan kam a'a. Mai biye, taso."

Raina ya ɓaci. Na yi tafiyar yini guda a jirgi, ban yi kuka ba tukuna, ga ni ina roƙon tsohuwa mai rigima da gawa. Na miƙe na rataya jakata.

"Shi ke nan. A bar ta yadda Mista Purnell ya yi mata. Tsaga a tsakiya."

"A ina?"

"A tsakiya. Gobe duk coci za su zo su leƙa. Ba wanda ya san wata yarinyar tsallaken gada. Kowa zai ce aikin Ozella ne."

"Kai!" in ji mai cin kifi. "Da ni ma haka zan ɗauka."

Anti Ozella ta zare wayar murhun matajin daga bango. Ta ce wa matar da ke kujera, kanta rabi a miƙe rabi a tsaye, "Ɗaura ɗankwali ki jira ni."

A gidan shirya gawa ta kori Mista Purnell waje. Ta cire hular ta jefa min. Ashe ɗan gashi ya riga ya fara tsirowa a ƙarƙashin hular, fari, bai kai tsawon yatsa ba. Ta daɗe tana shafa shi.

"Earline, ke dai ba ki da kunya," ta ce wa gawar. "Wannan ne kika ɓoye min? Ai ya ishe ni aiki."

Ta jona murhun, ta shafa mai, ta miƙar da gashin kaɗan-kaɗan, tana kare kunnen da yatsa kamar zai ƙone. Ta ja tsaga a hagu. Mama ta dawo.

Tana tattara kayanta ta damƙi gashina ta juya ni wajen haske.

"Wa ya taɓa kan nan?"

"Ni da kaina."

"Ya nuna. Gobe da sassafe ki zo, ba za ki tsaya kusa da aikina a haka ba."

Na je da sassafe. Na tarar da kawuna huɗu gabana.