Katangar Gabas

Tun ranar da Zubaida da mijinta Muhsin suka sayi fili a bayan garin Roni, mahaifinta Malam Daudu ya yanke magana: in dai yana raye, babu maginin da zai ɗora bulo ko ɗaya a gidan 'yarsa sai shi. Shekara arba'in ya yi yana gini, daga Gwiwa har Kazaure da Babura an san hannunsa. Sai dai a 'yan shekarun nan yanar ido ta kama shi, mutane suka daina kiransa aiki. Su gaishe shi da girmamawa, su wuce su nemi wani.

Kullum da sassafe ɗan acaba ke kawo shi daga Gwiwa, da cokalin gininsa a cikin tsohuwar jaka. Zubaida kuwa idan ta tashi daga makarantar da take koyarwa sai ta biya ta kai masa abinci. A sati na uku ta fara ganin abin da ba ta so gani ba. Katangar gabas ta yi ciki, ta turo waje. Layin bulon ma daga kusurwa ɗaya yake gangarowa zuwa ɗayar, kuma kwaɓin siminti wani wuri kauri, wani wuri da ƙyar ya riƙe. Leburorinsa biyu suka ga inda take kallo, suka sunkuyar da kai suka ci gaba da ɗibar yashi.

Da yamma Muhsin ya zaunar da ita. Ya ce mai walda ya kawo taga an gwada, ta ƙi shiga.

"Ranar Asabar za a zuba linta, kankaren saman tagogi da ƙofofi," in ji shi. "Idan aka zuba, shi ke nan, sai dai mu zauna a haka."

"To ka yi masa magana mana, Abban Nafisat."

"Ni? In dubi idon Baba in ce masa gininsa ya karkace? Mahaifinki ne, Zubaida. Ke ya kamata."

Washegari ta kira mahaifiyarta a waya, tana fatan ta ɗauke mata nauyin. Inna ta saurara har ta gama, sannan ta ce, "Kada ki soma. Tun da idon nan ya lalace bai ƙara cin abinci kamar yanzu ba. Da asuba yake tashi yana wanke cokalinsa. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ba shi labarin gidanki. So kike ki mayar mini da shi zaure ya zauna?"

Zubaida ta kashe wayar. Idan ta yi shiru, a ƙarƙashin wannan katangar 'ya'yanta za su kwanta, damina kuma daga gabas take kaɗo ruwa da iska. Idan ta yi magana, ita ce za ta faɗa masa abin da duk gari ya ɓoye masa. Ranar Laraba ta je da niyyar faɗa, ta tarar da shi yana 'yar waƙarsa yana shafa bulo. Ya ce, "Auta, ya kika ga aikin?" Ta ce, "Ya yi kyau, Baba." Ta koma gida ranta a jagule. Ranar Alhamis ma haka.

Ranar Juma'a da hantsi ta nemi izini a makaranta. Ta tarar an kawo rodi da katako an jibge, leburori sun tafi ɗebo ruwa. Malam Daudu na zaune shi kaɗai a inuwar katangar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kasa tashi.

"Lafiya, Auta?"

"Baba, ka yi mini haƙuri. Katangar nan ba ta miƙe ba."

Ta ji kamar ta janye maganar, amma ta riga ta fita. Can ya laluba jakarsa ya ciro igiya mai ɗan ƙarfe a ƙarshenta, ya miƙe ya taka benci, ya dafe igiyar a saman katangar, ya saki ƙarfen ya sauka.

"Zo ki tsaya nan. Tsakanin igiyar da bulon ƙasa, yatsa nawa ne? Kada ki rage mini."

Ta sa hannu ta auna. "Huɗu, Baba."

"Huɗu," ya maimaita a hankali. Ya sauko, ya bi layin bulon da tafin hannunsa tun daga kusurwa har kusurwa. "Tun yaushe kika gani?"

"Kwana biyar."

"Muhsin ya sani? Innarki fa?"

"Sun sani, Baba."

Da leburorin suka dawo, ya ce musu su sauke katangar gabas har ƙasa, su bi a hankali kada su fasa bulo. Sannan ya ba Zubaida wayarsa ya ce ta nemo masa lambar Mamuda, wanda ya koyi gini a hannunsa shekaru ashirin da suka wuce, yanzu kuma yake da nasa ma'aikatan a Kazaure. Ya ce masa ya zo gobe ya karɓi aikin, ya sake auna ko'ina, har inda ba a yi ƙorafi ba. Bai jira an kawo abinci ba. Ya tattara kayansa, ya tare ɗan acaba, ya tafi sallar Juma'a a Gwiwa.

Mamuda ya gama ginin kafin ruwan farko. Kowace taga ta shiga gurbinta, katangar ta tsaya cak. Ranar da suka tare, Inna ta zo da 'yan uwa cike da mota, ta ce Baba yana gaishe su, ƙafa ce ta hana shi.

Zubaida tana zuwa Gwiwa duk bayan sati biyu. Takan same shi a zaure, ya amsa gaisuwarta da fara'a, ya tambayi Muhsin, ya tambayi yara da makaranta. Gidan ne kawai bai taɓa tambaya ba, ita ma har yanzu ba ta san ta inda za ta ɗauko masa zancen ba.