Shafi na Tara

Doguwa tana kan zana maɓalli na huɗu Dokta ya tsaya a bayanta. Turarensa ya riga shi isowa.

Jarrabawar gwaji ce ta 'yan ajin ƙarshe a sashen fasahar sadarwa. Gwajin kuwa a takarda ake yinsa: a zana na'urar auna sigina, a nuna ramin da kowace waya take shiga. Ita na'urar tana gaban ɗakin, cikin kabad na gilashi, shekara shida ba a ko yaye mata leda ba. Ba a kunna ta, kada ta lalace kafin masu duba jami'a su zo. In sun kusa zuwa, a goge gilashin.

Doguwa ta faɗi wannan kwas ɗin bara. In ta sake, ƙofa ce, ga shi innarta ta gama shaida wa duk layinsu cewa injiniya na nan tafe.

Ba rashin sani ya kayar da ita ba. Duk hutu a shagon gyaran kawunta take yini, inda akwai irin na'urar, tsohuwa, mai tabon shayi. A takardun da Dokta yake rabawa, waɗanda shi ma ya gada daga malaminsa, shafi na tara ya kai wayar wuta ramin eriya. Bara ta zana daidai, har ta ƙara da ɗan bayani a ƙasa: in aka bi shafi na tara, na'urar za ta yi hayaƙi. Sifili ya ba ta, ya zagaye shi sau biyu.

"Ke, 'yar gyara," in ji Dokta ƙasa-ƙasa. "Duba min wayar nan. Tun safe ba kira ba saƙo, ga shi ƙarfe sha biyu zan gabatar da lacca kan makomar sadarwa."

Ta karɓa. Ɗan hoton jirgin sama na nan a saman allon, ya shimfiɗa fikafikai. Ta taɓa shi sau ɗaya, saƙonni suka fara zubowa kamar an kwance buhu.

"Ai na sani," ya ce. "Gwada ki nake." Ya leƙa takardarta. "Bana dai an yi karatu ko?"

"An yi, Dokta."

Da ya matsa, na kusa da ita, wanda ake kira Haddau, ɗalibin da ya fi kowa maki bai kuma taɓa haɗa waya biyu ba, ya rufe baki da hannu, ya raɗa mata:

"Don Allah ba shi abinsa, 'yar'uwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wa zai ba ki lambar yabo?"

Ta daɗe tana kallon ramin eriya. Sannan ta ɗauki rula, ta ja wayar wuta layi ɗaya miƙaƙƙe, ta kai ta can. Har ta yi mata kan kibiya.

Da ta miƙa takardar, Dokta ya gyara tabarau, ya bi layin da yatsa, fuskarsa ta washe.

"Yawwa! Yanzu kika fahimta. Irinku muke son riƙewa a sashen nan ku koyar. In kin dage, wata rana ke za a damƙa wa makullin kabad ɗin can."

Doguwa ta dubi na'urar cikin ledarta.

"Gara dai a bar ta a kulle, Dokta," ta ce.

"Kin gani?" ya juya ga 'yan ajin. "Har ta fara tunani irin na manya."