Yatsan Gyara

Laifina ƙari ne. Shekara arba'in ina fawa, ban taɓa sallamar mai saye ban ɗora masa gyara ba. Da na ajiye wuƙa, 'yata Talatu, malamar firamare, ta kawo mini littafin ƙasusuwan dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin a yi mutum. Karatun boko ban yi ba, amma ƙashi na san shi. Sai na kama zana su, ina mayar wa kowane ƙashi namansa. Ranar Litinin Talatu za ta liƙa zanen a ajinta.

To, jiya bayan azahar na kishingiɗa a zaure, mafarki ya ɗauke ni.

Na ga kaina a wani gari inda ruwan sama ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa. Kowa ya riƙe lema a ƙarƙashin ƙafarsa. Ni kaɗai wandona ya jiƙe.

Sai ga ni a ofis. Wata akuya mai tabarau tana zaune bayan tebur, tana tauna takarda.

"Bawa mahauci?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Mun san ka. Ka san gwaggona. Amma ba wannan ta kawo ka ba, zauna."

A kan benci ga wanda ya kawo ƙarata: ƙaton dainoson nan mai manyan haƙora da guntayen hannuwa, kansa ya fasa rufi. Ya sunkuyo ya gaishe ni da ladabi, ya miƙo hannu.

"Baba, ƙirga yatsun da ka zana mini."

"Uku."

"A ƙashina nawa ka gani?"

"Biyu."

"To na ukun fa?"

Na ce gyara ce. Na ga jiki kamar rumbu, hannu kamar na jinjiri, na ji tausayi.

Ya ce, "Baba, ban saya ba, ban roƙa ba. Ƙashin nan kaɗai ya rage mini a duniya. Yara sittin za su kalle ni ranar Litinin, su girma suna rantsuwa uku ne."

Akuya ta haɗiye takardar, ta buga hatimi a kan teburin. "A yi masa gyara."

Nan take yatsa na shida ya tsiro mini. Na ɗauki fensir, ya zame. Na kai hannu aljihu, ya ƙi shiga. Na ɗaga hannu zan ba da haƙuri, sabon yatsan ya nuna ni.

"Kyauta ce," in ji akuya. "Ba ka gode ba?"

Ƙarar injin niƙan maƙwabta ta tashe ni. Na duba hannuna, biyar. Na jawo kwalin zane na buɗe littafi a gefe, ina ƙirgawa. Yatsu dai uku na yi masa. Wani dainoson na ba shi tozo irin na bijimi. Wani na ƙara masa kitse a wuya don kada a ce rama ta kashe shi.

Na kira Talatu a waya na gaya mata gyaran da na yi wa dabbobin, na ce ta ɗaga liƙa zanen zuwa wata mai kamawa.

"Baba, wa zai lura?"

Na ce, "Mai shi ya lura."

Alhamdu lillahi da aka tsayar da ni tun abin bai kai gaban yara ba. Cikin zane goma sha biyu, tara na yaga. Aikin wata huɗu, fensir shida, da tozon da ya fi kowanne kyau.