Ƙudajen Jar Saniya

Sharifa ta ɗaga kwalba ta goma sha biyu ta duba ta a hasken rana. Babu abin da ke motsi a ciki, sai kashin shanu da ya bushe ya tsage. Ta ajiye ta kusa da sauran, a gindin rumbun babanta a Kalfu.

Aikinta na kammala jami'a a Tawa ke nan, kuma ran Alhamis za ta miƙa shi. Tun farkon damina take tsugunne bayan jar saniyar gidansu, tana kallon wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe masu siririn ƙugu kamar tururuwa. Ta san yadda namijin ke karkaɗa fukafukai a kan ɗanyen kashi, ya haye bayan macen ya riƙe ta da ƙafafun gaba, ita kuwa ta yi ta girgiza don ta yar da shi. Amma malaminta ya ce kallo bai isa ba. Dole sai ta rene ƙwansu a kwalba sun ƙyanƙyashe, ta duba ƙafar namijin da gilashin ƙara girma, sannan ta faɗi irinsu. Sati uku ke nan, ko ɗaya bai fito ba.

Babanta, Malam Manzo, shi ke kiranta duk lokacin da saniyar ta kasayar. "Malamar ƙuda, taho, an sauke miki tuwo!" Kwana tara ke nan da aka binne shi.

Inna Raƙiya ta fito da tsintsiya, lulluɓe da mayafin takaba. "Ke dai da kwalabenki. Mutane na zuwa gaisuwa, su iske ki kina shinshinar kashi."

"Inna, ba su fito ba. Ban san mi na ɓata ba."

"To ai ba laifin saniya ba ne, wannan ko likita ya shaida." Inna ta jingina da rumbun. "Babanki bai gaya miki ba? Ana jibi ki zo da kwalaben nan, shi da ko fura ba ya iya sha, ya ja saniyar har wurin mai allurar dabbobi. Aka yi mata ta tsutsar ciki, babbar. Na ce ka zauna, ya ƙiya. Ya ce malamman Tawa za su duba kashin saniyarshi da gilashi, ba za a kunyata ɗiyarshi ba."

Sharifa ta tsaya cak. Ta karanta wannan a aji biyu, har ta ja layi a ƙarƙashinsa: maganin yana fita ta kashi, kuma ƙwan ƙudan da aka saka a ciki ba ya kai labari.

"Da ya komo sai da ya huta sau uku a hanya," in ji Inna. Ta goge ido da gefen mayafi. "Ya taimake ki dai, ko?"

Sharifa ta dubi saniyar. Ta yi ƙiba, gashinta sai sheƙi yake.

"Ya taimake ni, Inna."

Da Inna ta shige, ta buɗe littafinta a shafin farko, inda tun watan jiya ta rubuta godiya ga Malam Manzo da saniyarsa. Ba ta taɓa shafin ba. Ta aika wa malaminta saƙo cewa miƙa aikin sai baɗi, sannan ta ɗebo ruwa ta fara wanke kwalaben ɗaya bayan ɗaya.