Layi Ɗaya Tak Mai Sunansa

Farfesa tana cikin zare takalmi a ƙarƙashin tebur ɗalibarta ta shigo rungume da kwamfuta, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Malama, injin ya kama kuskure."

"To ai aikinsa ke nan. Da kifi kike so ya kama?"

Abin da suke kira inji manhaja ce da Farfesa da mijinta suka rubuta tun suna haya a ɗaki ɗaya, kan tebur mai gurguwar ƙafa. Aikinta ta ƙirƙiro dubban gwaje-gwaje ta yi ta jefa wa wata manhajar har sai ta gano inda take tuntuɓe. Yau asibitoci da kamfanonin jiragen sama da ita suke tantance nasu kayan. Takardun bincike sama da dubu huɗu sun ambace ta. Shugaban jami'a ma ya haddace adadin, duk taro sai ya faɗa, kai ka ce shi ya haife ta.

"Juya shi muka yi ya gwada kansa, Malama." Ɗalibar ta sunkuyar da kai. "A layin Baba ne."

Baba suke kiran marigayi mijinta, har waɗanda ba su riske shi ba.

A wannan sana'a kowane layi na rubutun manhaja yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi ƙarshe. Ka gyara ko da ɗigo ne, sunan mai shi ya goge, naka ya hau. A da, rabin layukan manhajar sunansa ne a kai. Cikin shekara tara da rasuwarsa masu gyara sun yi ta taɓawa, nan kaɗan can kaɗan, har ya rage layi ɗaya tak. Kowace safiya, kafin ta buɗe wasiƙu, sai ta leƙa layin nan yadda ake leƙa ɗakin mai barci. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma har masinjan sashen ya sani.

Ta sa tabarau ta duba. Ba musu, kuskure ne: ƙidayar tana tsayawa saura ɗaya, gwaji na ƙarshe ba a yin sa.

"Akwai dabara," in ji ɗalibar a hankali. "A bar layinsa yadda yake, in ƙara wani a ƙasa ya cike gurbin. Ba mai lura."

"Wato faci za ki yi wa mijina."

"Malama, ba haka nake..."

"Na sani, 'yata. Je ki ci abinci."

Wallahi ta so facin nan. Sai dai ita ce take kayar da ɗalibai a kan irin wannan rufa-rufa, kuma duk wanda ya zo baya zai tarar da kuskure da sunan mijinta a kai, an yafa masa tsumma.

Ta zauna tana kallon sunan. Mutumin nan bai taɓa amsa laifi ba. Ko gishiri ya cika a girki sai ya ce harshenta ne ya lalace. A kan lissafi kuwa sukan kwana uku suna gardama, yana zagaye tebur hannu a baya, ƙarshe kuma, don baƙin ciki, shi ne da gaskiya. Ta sha rantse masa cewa wata rana sai ta kama shi. Yakan yi dariya ya ce ta tanadi kujera, jiran zai yi tsawo. Kewarsa ta taso mata, ba kewar kirkinsa ba ma, kewar taurin kan nan.

Bayan azahar ta jawo kwamfutar. Alama ɗaya ta ƙara, aikin daƙiƙa biyu. Sai ƙaramin akwati ya buɗe yana neman dalilin gyara, wanda duk mai amfani da manhajar zai iya karantawa. Ta rubuta: "An gyara ƙidaya." Ta goge. Ta sake rubutawa:

"Na kama ka. Zo ka musa."

Ta aika. Gwaje-gwajen suka wuce lafiya, har da na ƙarshe, sunanta ya hau kan layin. Ta ɗora hannuwa biyu a kan tebur, ta juya tana fuskantar ƙofa.