Sharaɓar Ilu

Ilu ya faɗi a bakin rijiya, tulun ya tarwatse. Ya kifa tafin hannu a yashi, ya turo baya sama, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawan jikinsa kamar mai hawan bishiya.

Mahaifiyarsa Rabi ta san wannan tashin. Haka ƙanenta Sajo yake tashi a Gagarawa, kafin ya koma jan gindi, kafin a kai shi makwancinsa ko gemu bai tsiro masa ba. Ba wanda ya san zancen a garin Sule Tankarkar, inda take aure, don ba ta taɓa faɗa ba.

"Lalaci ne," in ji Dogo, mijinta, tsohon ɗan kokawa. Ya tsuguna ya matsa sharaɓar yaron, wadda ta cika tim. "Dubi ƙafa! Ni a shekarunsa ban tara wannan naman ba. Ƙarfin na ciki, fito da shi za a yi."

* * *

Akuya ɗaya ta rage musu bayan yunwar Kakalaba. Dogo ya kora ta kasuwar Maigatari, ya dawo da saiwoyin tsimi da ƙafar saniya. Mai maganin ya ce a ba yaro romo da tsimi, a sa shi gudu cikin yashi har ya yi gumi, in ba gumi magani ba zai ratsa ba. Shi dai bai taɓa ganin Ilu ba, akuyar ya gani.

Kullum da safe Ilu zai sha, ya yi gudun, ya faɗi. Da farko yana kaiwa gindin tsamiya. Da damina ta kama, ko ƙofar gida sai da dafa danga.

"Inna," ya ce wata rana tana gasa masa ƙafa, "wallahi ba ƙi nake ba."

"Na sani."

"To ki gaya wa Baba."

Tsoro ya kama ta, ta ji kunyar tsoron. In ta ambaci Sajo, gudun zai tsaya. Amma za a ce jinin gidansu ne, a haɗa mata kayanta, a karɓe 'ya'yan, kuma ba mai ƙara tambayar auren 'yarta Larai.

* * *

"Malam, a bar shi ya huta yau mana," ta ce wa Dogo washegari.

"Don me?"

Sunan Sajo ya zo mata har baki. Ta dubi Larai tana surfe.

"Na ga kamar za a yi ruwa."

Dogo ya dubi sama, ya yi dariya, ya miƙa wa Ilu ƙwaryar tsimi.

Rabi ta koma murhu ta iza wutar romo. Ta kai hannu baya don gyara goyo, sai yatsunta suka sauka kan ƙafar autanta, namiji. Ta daɗe tana latsa 'yar sharaɓar.